Ginshiƙin da Anselmo Ya Kafa a Kife

Da almuru Anselmo kafinta ya koma ɗauko gudumarsa a tsohon gidan katakon nan na bakin kasuwar ƙauyensu a yankin Kastiya. Gidan ya shekara ɗari biyar, wata uku ke nan Anselmo yana gyaransa. Gobe masu duba kayan tarihi za su zo: ko a adana shi, ko a rushe. Gwaggo Basilisa, wadda aka haifa a ciki, tana tsaye a ƙofa.

"Kai marar kunya, ginshiƙin tsakiya a kife ka mayar da shi! Itace yadda ya tsiro ake kafa shi, gindi ƙasa. Ubanka ma ya san wannan."

"Ubana yana kabari, Gwaggo. Juya shi aikin sati ne, mutanen kuwa gobe. Matsa min."

"Shiga mana, ɗan taurin kai."

Haushi ya turnuƙe shi, ya bangaje ta ya wuce.

Ciki shiru. Warin tsohon katako da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa. Gudumar na nan gindin ginshiƙin, ya sunkuya.

Sai ya ga garin katako yana tashi daga daɓe, yana zubewa sama.

Ƙwas. Ƙwas. Takun mutum, amma a rufi.

Ya ɗaga kai. Wani dogon tsoho ne tsaye, ƙafafu manne da rufin, kai a ƙasa, fuskar ta kumbura da jini. Numfashinsa warin ruɓaɓɓen itace.

"Wata uku," in ji shi cikin raɗa. "Wata uku ina tsaye da ka."

Ginshiƙin ya yi ƙara, ya motsa. Anselmo ya dafa shi don kada ya faɗi, mahaɗar katakon ta buɗe ta datse hannunsa.

Wayyo! Ya fizga da iya ƙarfinsa.

Ya faɗo titi yana birgima, babu yatsu uku. Basilisa ta yage gyalenta ta ɗaure masa, ko sannu ba ta ce ba.

Da safe aka tarar da ginshiƙin tsaye daidai, gindi ƙasa, kowace ƙusar itace a raminta. Masu dubawa suka zagaya, suka sa hannu: gida ya tsira. Babbansu har asibiti ya je yaba masa.

"Maigida, irin wannan aiki sai ku! Akwai wani gidan a kan tudu, ko za ka karɓa?"

Anselmo ya juya fuska bango. Bai sake riƙe guduma ba.