Tarakta Mai Lamba Ɗaya

Ƙarfe biyu na rana wani tsohon makaniki ya faɗo ofishin 'yan sanda ko sallama babu, ya buga sandarsa a kan kanta.

"An sace mini tarakta! Kuma na san ɓarawon!"

Sufeto ma ba kanwar lasa ba ne wajen zafin rai, amma ya cije. "Baba, zauna. Wace irin tarakta?"

"Lamba ɗaya! Ta farko da ta fito daga masana'antarmu shekara hamsin da shida da suka wuce. An rufe masana'antar, an sallame mu, mu ɗari huɗu, an sayar da injinan, ita kaɗai ta rage a duniya. Na je asibitin ido da safe, na dawo na tarar wayam."

Garejin tsohon ya fi falonsa tsafta. Sifanoni jere a bango, ga hoton ma'aikata sun kewaye wata jar tarakta. Kwadon ƙofa lafiya lau. Sawun taya ya miƙe zuwa titi.

"Tuƙa ta aka yi, ba ja ba," in ji Sufeto. "Ina makullinta?"

"Makulli? Ba ta da makulli, ba ta da batir. Da hannun ƙarfe ake juya injin daga gaba. Mu biyu muka rage da muka iya, ni da Gajere mai walda da muka yi aiki tare a masana'antar. Shekara talatin yana cewa wai shi ya ɗaure notin ƙarshe, don haka tasa ce. Maƙaryacin banza!"

A lungu Sufeto ya ga galan biyu. Na fetur babu ko ɗigo, na kananzir cike har baki.

Babban ɗan tsohon yana tsaye a bakin ƙofa, magidanci mai furfura a gemu, hannun damansa naɗe da bandeji.

"Kai fa, ina kake da safe?"

"Ina wurin aiki, yallaɓai. Babu ruwana da ƙarafunansa."

"Hannun fa?"

"Ƙofar mota ce."

Gajere yana walda a rumfarsa da Sufeto ya iso. Ya ɗaga tabarau a fusace.

"Rabona da layinsu shekara goma!"

"Ƙarya kake yi!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Maƙwabta sun ce duk Asabar kana raɓe a bayan katanga."

Gajere ya sunkuyar da kai. "Ƙararta nake zuwa ji. Ranar yake tayar da ita. Laifi ne?"

"An kwashe fetur, an bar kananzir. Me ka gani?"

Nan Gajere ya yi tsaki mai tsawo. "Wane jaki ne wannan? Tanki biyu gare ta. Da fetur ake tayar da ita, idan ta yi zafi a murɗa famfo a koma kananzir. Tankin fetur ɗin bai wuce kofi uku ba. Wanda bai san haka ba, ko kilomita biyu ba zai yi ba. Yaro ma a masana'antarmu ya san wannan, kamar yadda ya san ba a zagaya babban yatsa a kan hannun juyi. Idan injin ya yi tutsu ya dawo baya, sai ya karya maka shi."

Sufeto ya juya wajen motarsa. Sai ya ce, "Shiga mota."

Ba su yi nisa ba. A hanyar da ke zuwa wurin masu fasa tsoffin ƙarafa suka same ta a gefen titi, an lulluɓe ta da tamfol. Saura taku ɗari a kai ta inda ake sara da narkarwa. Gajere ya buɗe ƙaramin tankin, a bushe ƙamas.

Da suka koma garejin, tsohon ya ga Gajere ya ɗaga sanda. Sufeto ya riƙe ta.

"Ajiye, Baba. Ɓarawonka bai taɓa aiki a masana'anta ba." Ya juya ga ɗan. "Na kira wurin aikinku, ba ka je ba yau. Kwance bandejin nan."

Babban yatsan ya kumbura suntum, ya karkace.

"Wace ƙofar mota ce ke karya yatsa ta baya?"

Ɗan ya yi ta huci, can ya fashe. "Ni ne! Kuma da ta kai, da na tsaya na ga an narkar da ita da idona! Tun ina yaro, ita ce 'yar gidan nan. Ranar da na gama makaranta Baba yana ƙarƙashinta yana gyara. Ranar da Mama ke kwance a asibiti tana kiransa, yana can yana nemo wa taraktar zoben fistin na inji. Shekara arba'in yana shafa ƙarfe da tsumma, bai taɓa shafa kaina ba!"

"Tarihin mutum ɗari huɗu ka tashi narkarwa don haushin mutum ɗaya," in ji Sufeto. Ransa a ɓace yake, da ɗan da uban duka. Ya sa wa ɗan ankwa a hannun hagu, ya bar mai ciwon.

Tsohon ya matso, ya kama hannun ɗansa yana duba yatsan.

"Kai ma dai! Sau nawa zan gaya maka ba a zagaya yatsa a kan..."

"Ba ka taɓa gaya mini ba, Baba. Ko sau ɗaya."

Sufeto ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Tsohon ya tsaya a tsakiyar garejin, ya buɗe baki zai musa, ya rasa ranar da zai ambata.