Kalangun Baba a Cikin Gilashi

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Muryar Bilya ta cika zauren baje kolin kayan kiɗa da ke Dutsin-Ma. Ana tsakiyar sallar Juma'a, sai mai gadi da mata biyu masu shara suka rage. Duk suka zube.

Yero, abokin fashinsa, ya buɗe buhu. Molon Indiya mai dogon wuya ciki! Algaitar Turkiyya, sarewar China, garayar Gambiya — duk ciki. Wani dillali na jiransu a bakin iyaka.

Shi kuwa Audi, shugabansu, ko kallo bai yi musu ba. Ya tsaya gaban wani gilashi. Kalangun babansa ne, makaɗin mahautan Kurfi, an jera shi da kayan kiɗan duniya. A gefe ga hoton ƙanensa Munzali, wanda tsohon ya bar wa kalangun, yana washe baki. Hassada ta turnuƙe Audi.

Tas! Ya fasa gilashin.

"Oga, mi za ka yi da wanga tsohon tarkace?" in ji Bilya. "Ko kwabo ba a saye!"

"Rufe mini baki. Mu ware!"

Babura biyu suka yanki daji, sai bakin ruwan Zobe. Suka laɓe cikin duhuwa suna jiran kwalekwale.

A can gari Sufeto Badaruddeen ya ɗauko Munzali a mota don ya shaida kayan. Sawun baburan ya ɓace a kan dutse. Suka tsaya cirko-cirko.

Audi kuwa kalangu na cinyarsa, hannu na ƙaiƙayi. Ya saɓa shi a hammata.

"Oga, don Allah kada ka taɓa!" in ji Yero.

"Sau guda. Ku ji wanda aka hana gado."

Ɗan makaɗi ai sai a hankali. Ya matse tsarkiya, ya saki taken babansu, wanda ake tada mahauta da shi ranar kasuwa. Kiɗan ya hau ruwa ya tafi, har inda su Sufeto suke tsaye.

Munzali ya dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, duk duniya mutum biyu suka iya wanga take. Ɗayan ga ni."

Bilya na jin jiniya ya suri buhun, ya haye babur ɗaya, ya harbe tayar ɗayan.

"Ka ci gaba da kiɗa, Oga, ka tare mini su!"

Harbi ta ko'ina! Yero ya faɗi, bai ƙara motsi ba. Bilya ma bai wuce gonakin rani ba, babur ya kafe a taɓo. Harsashi guda ya ratsa kalangun ya tsaga shi biyu.

An sa wa Audi ankwa. Munzali ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin icen, hawaye na zuba.

"Munzali," in ji Audi, "tsakaninka da Allah, wa ya fi hannu?"

Munzali bai ɗago ba.

"Kai, Yaya. Tun muna yara kai ne, Baba ma ya sani. Cewa ya yi ni zan iya ajiye shi." Ya ɗaga ɓarin kalangun. "Ga shi kai ka riƙe shi wuni guda."