Hoton Watan Maris

Raudatu na tsakar gida tana tsince wake, sai ga mahaifinta Malam Ummaru ya faɗo ko sallama babu, ya wurga mata wata takarda.

"Karanta mini! Aikin saurayin naki ne."

Ta ajiye waken ta ɗauki takardar. Mannir, wanda aka sa musu rana bayan girbi, ma'aikaci ne a ofishin Funtuwa na wata hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da sauyin yanayi. Ta karanta rahoton hukumar: wai gonakin gabas da Gozaki sun mutu, gara a shimfiɗa faifan sola masu samar da wutar lantarki a kansu. Ga hoto an ɗauko daga sama a watan Maris, ƙasa ja fayau, ko ciyawa babu.

"Ta mutu? Gonar da ta cika mini rumbu biyu bara?" Malam ya nuna ta da yatsa. "Ran Laraba zai sa hannu wai ya gani da idonsa. In ya sa, wallahi babu aure!"

Da la'asar Mannir ya zo zance, ta tare shi a zaure idanu sun yi ja.

"Haba Raudatu, mutanen nan ba su da ɓangare," in ji shi. "Masana ne fa. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauki hoton, inji ba ya ƙarya."

"Injin ba ya ƙarya, amma wa ya ce masa ya ɗauka a watan Maris? Gonar uban wa ke kore a tsakiyar rani?"

Ta buɗe shafin ƙarshe, inda aka yi godiya da ƙananan haruffa ga kamfanin da ya ɗauki nauyin binciken. Sunan nan dai shi ne a kan fom ɗin karɓar gonakin da ake raba wa manoma. Mannir ya duba, ya sake dubawa.

A gida kuma wata wutar ya tarar. Mahaifiyarsa Hajiya Shafa'atu ta ce, "Ƙannenka huɗu na ci daga aikin nan. Ka zubar da shi saboda 'yar manomi, kada ka ƙara gaishe ni!"

Ran Laraba hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya ƙi zuba. Motocin kamfanin biyu suka tsaya bakin gonar Malam, aka sauke turaku da igiyar awo. Raudatu na raɓe bayan kuka, ta ga an miƙa wa Mannir biro. Ya dubi gonar, ya rubuta, ya karanta da ƙarfi: "Na gani da idona — masara ta kai kafaɗata."

Kafin magariba an sallame shi daga aiki. Hajiya ta ɗauke masa kai, ta janye daga maganar auren, biki ya wargaje, ƙawaye suka yi ta yi wa Raudatu dariyar ta riƙe saurayi marar aiki. Kuka kam ta sha shi, amma ba ta saurari kowa ba.

Shekara na zagayowa aka zagaye gonar gadon su Hajiya a Mahuta da waya, don can wani ma'aikacin ya sa hannu. Da ƙafarta ta tako gidan Malam Ummaru da goro, ta kama hannun Raudatu tana hawaye.

"Ki yafe mini, 'yata. Ni na ɗauka duk takardar da ta zo daga waje gaskiya ce."

Aka ɗaura aure ran Asabar. To 'yan uwa, haƙuri ya yi wa Raudatu rana. Ku kuma in an kawo muku sakamakon bincike, kafin ku sa hannu ku tambayi wanda ya aiko a yi shi, don har yau motocin nan ba su daina yawo ba.