Igiyar Abdun Bahago

Shekara bakwai ke nan Shazali yana zaune shi kaɗai a jirgin ruwansa mai filafilai, tun ranar da abokin zamansa, Abdun Bahago, ya shiga wanka riƙe da igiyar da ake saki a bayan jirgi, Kogin Nilu ya tafi da shi. Shazali ya ce ƙullin ne ya kwance, kowa kuma ya yarda.

Ran nan bayan magariba ya ɗaure jirgi a wani tsibiri kusa da garin Aswan, ya ɗora shayi, ya miƙe ƙafa yana busa shisha. Sai kwaɗi suka yi tsit. Jirgin ya ɗan karkata ta wajen ruwa, ba ta wajen gaɓa ba.

"Salamu alaikum, mai jirgi. Da sauran shayi?"

Mutum ne zaune a gefen jirgin cikin duhu, muryarsa kamar ta mai kuskure baki. Ƙafafunsa sun yi fari fat, sun yamutse.

"Bismillah, ɗan'uwa," in ji Shazali, ya miƙa masa kofin shayi.

Baƙon bai karɓa ba. Sai ya turo masa bakin wata igiya da ta yi kore da gansakuka.

"Kai da ka san igiya, duba mini. Wannan kwancewa ta yi?"

Shazali ya duba. Yankan wuƙa ne, sumul.

"Na daɗe ina riƙe da ita, abokina, hannuna ya gaji. Karɓe ni."

Shazali ya zabura zai tashi, sai ya ji igiyar ɗaure tam a idon sawunsa. Ƙullin kuwa na bahago ne.