Sifikar Baya

Bayan isha'i Hyacinth yana ta kai-kawo, yana son rufe shagonsa na kayan sauti a Tudun Wada, sai wani dattijo ya shigo riƙe da faifai.

"Samari, kunna mini wannan."

Hyacinth ya kunna ta sifikoki biyu na gaba. Garaya ce, tangaran, har ana jin karcen farce a kan tsirkiya.

"Ba haka ba. Sa wanda yake kewaye ɗaki."

Yana sauyawa, sai busasshen tari ya taso daga sifikar da ke bayansa. Ya waiga.

"Baba, wa ke tari a ciki?"

"Ni ne. A baya na zauna ranar."

Hyacinth ya ɗago ya dube shi. Bakin dattijon a rufe yake ruf. Daga sifikar amsar ta fito.