Ɗakin da Illo Bai Iya Shiga Ba

Ranar da Illo ya fara ganin Indo, tana ƙofar gida riƙe da ƙwarya tana kwarfar ruwa, zanenta jiƙe har gwiwa. A garin Madarunfa ne, a bakin tabki, damina ta yi tsakiya, a shekarun da gyaɗa ke tashe. Ya tsai da jakinsa.

"Sannu, 'yan mata. Tabkin ne ya biyo ki gida?"

"Ɗakin Innata ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Matsa kar in jiƙa ka."

Ya matsa, amma washegari ya dawo, kuma bai daina dawowa ba.

Indo kaɗai ta rage wa Inna Dije tun rasuwar mai gida. Soron da marigayin ya gina duk damina sai ya jiƙe, tabarma ta yi funfuna, tari ya sarƙe Inna. Shi ya sa da Illo ya kawo maganar aure, Indo ta ce, "Ina son ka, ban ɓoyewa. Amma ban tahiya ɗakin miji in bar ta cikin danshi."

"Kwantar da hankalinki, hasken idona. Wannan aikina ne."

Ya yi gayyar abokansa, suka hau rufi suka yaɓe shi tsaf. Aka yi ruwa, ɗaki ya jiƙe. Suka sake hawa, suka ƙara ƙasa. Aka sake ruwa, Indo ta sake ɗaukar ƙwarya.

Kawu Garba, yayan Inna, ya zo ya duba ya girgiza kai. "Yaron da ya kasa tare ruwa, shi zai riƙe gida? Shu'aibu na garin Ɗan Issa ya yi maganar aurenki. Yana da ɗaki busasshe, ya ce har uwarki zai ɗauka. Ki yi tunani, ɗiyata."

Indo ta yi tunani har ta rame. Ba ta son Shu'aibu, amma tarin Inna a kunnenta yake.

Da la'asar Illo ya zo zance, suka tsaya bakin darni. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta ce, "Illo, rufin nan bai taɓa yoyo ba. Ta ƙasa ruwan ke ɓullowa."

"Ta ƙasa? To mi ya hana ki faɗi?"

"Kana sama kana zufa gaban abokanka, in ce maka aikin banza kake? Kai mi ya hana ka leƙa?"

"In shiga ɗakin surukuwata? Indo, ko gaisuwa daga zaure nike yi, a durƙushe!"

Suka dubi juna, dariya ta zo mata tare da ƙwalla.

Ashe Inna na bayan darni tana tsince wake. Da safe ta ɗaure ƙunshinta, ta tsaya tsakar gida ta dubi kajinta, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Ku kaji, ni na tahi garin Safo barka, sai na kwana biyu. Ɗaki kuwa a buɗe yake. Wanda ya shiga, ban gani ba."

Illo ya tuɓe takalma a bakin ƙofa ya shiga yana sunkuyar da kai, kamar Inna tana ciki. Yana shiga ya ji ƙafarsa ta gangara. Sharar shekaru ta cinye ƙasan ɗakin, tsakar gida kuwa toka ta ɗaga ta. Ga indararo ya guntule, yana zuba a gindin bango.

Ya yi ta jido tsakuwa da jakinsa har ɗakin ya fi tsakar gida tudu. Ya sa dogon indararo, ya yi dakali a gindin bango, ya haƙa magudana zuwa waje. Matan unguwa suka taru suka yi daɓe, suka yayyafa ruwan makuba don ya yi ƙarfi.

Ranar da Inna ta dawo hadari ya haɗo, aka tafka ruwa kamar ba za a daina ba. Da aka ɗauke, ta durƙusa ta shafa daɓen da tafin hannu, kusurwa kusurwa. Ta ce, "Alhamdulillahi. Indo, kira mini Garba ya zo ya gani."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Inna ta ɗauko tsohuwar ƙwaryar nan, a wanke fes, ta ɗora a kan kayan Indo.

"Tahi da ita ki dama mishi hura, ni ban da sauran aiki da ita. Ki ce wa yaron nan na gode. Allah ya rufa muku asiri yadda ya rufa mini, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."

Daga can zaure, a durƙushe, Illo ya ce, "Amin, Inna."