Bugu Shida

A shekarar da annoba ta cinye rabin ƙauyensu a Ingila, Hamon mai kaɗa ƙararrawar coci ya kwana huɗu bai leƙa gida ba, don kada ya kai wa matarsa Idoniya cutar. Ka'idar aikinsa ita ce bugu tara in namiji ya mutu, shida in mace ce.

A dare na biyar sai ga wata mata a bakin ƙofar cocin, ta lulluɓe fuskarta. Ruwa ake tsugawa a waje, amma mayafinta a bushe yake.

"Buga shida," in ji ta, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Haba baiwar Allah! Fada, limamin cocin, ya mutu, mai ƙasa ya gudu. Wa ya rage da zai ji?"

"Ni zan ji."

Ya ja igiya sau shida, sannan ya ce, "Wace ce ta rasu, in sa ta a addu'a?"

Sai ta miƙo hannu mai sanyi ƙalau ta gyara masa wuyan riga, yadda Idoniya ta saba yi masa kowace safiya shekara talatin.

"Na bar maka miya a murhu, maigida," ta ce. "Tun shekaranjiya ta huce."